Ba Ƙahon da Zai Ja Wannan Jinin

Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga Tafashiya, daga ɗanka Lawal. Allah shi haskaka makwancinka, shi sa ka huta. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, tunda ka sha cewa rubutun boko ba shi da tarbiyya, da hagu yake farawa. Amma aji ukun da ka bari na yi a Kankiya ba su tafi a banza ba, kuma akwai maganar da na fi iya faɗa wa takarda.

Gida lafiya. Inna na nan, gwiwa ce dai ke damunta in ta daɗe a durƙushe. Damina biyu ke nan da rasuwarka, duka biyun geron gonar gabas ya yi kyau. An shimfiɗa sabuwar kwalta, manyan motoci sai wucewa suke da siminti. Samarin garin nan rabinsu sun tafi aikin gini Kaduna da Ikko, suna dawowa da gashi tuli a ka kamar sheƙar tsuntsu, wai shi ake yayi. Da kana nan da ka yi ta faɗa. Zabirarka ta wanzanci tana hannuna, asakenka huɗu da ƙahonin duk ina kula da su, kuma ranar kasuwa ina zama gindin bedin nan da kake zama.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hansatu ƙanwata ta haihu bayan sallar layya, namiji, sai jini ya ɓalle mata, aka kai ta asibitin Katsina. Aka ce ana neman mai ba da jini, na miƙa hannu. Suka ɗebi kaɗan suka gwada, suka dawo suka ce ba za su ɗauki nawa ba, aka ɗauki na ƙanen mijinta. Ta warke sarai, kada ka damu. Ni kuwa likita ya kwantar da ni, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarina ta hagu, ya ce saifa ta ɗan taso. Ya tambaye ni ko ina yawan gajiya da zufa. Na ce wane mai tuƙa keke daga Kankiya zuwa Kusada ne ba ya gajiya? Bai yi dariya ba. Ya ba ni takarda zuwa Zariya.

A can suka soka mini allura a ƙashin ƙirji suka zuƙo ɓargo. Mutumin ya iya aikinsa, amma hannunsa bai kai naka sanyi ba. Bayan kwana biyu wani malamin asibiti, Bakatsine ne ma, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Da ya ji sana'ata sai ya kai ni na leƙa madubinsu. Baba, tun ina shekara tara nake wanke maka ƙaho, na ɗauka na san jini. Ashe ban taɓa ganinsa ba. Cike yake da 'yan ƙwayoyi, jajaye da farare. Malamin ya ce in ɗauke shi kamar gonar gero da wake: duka biyun amfani ne, amma ni waken ne, wato fararen ƙwayoyin, ya yi yawa, in an bar shi zai shaƙe geron. Sunan ciwon sankarar jini. Ya ce nawa mai tafiyar hawainiya ne, kuma an kama shi tun yana ƙarami.

Na tambaye shi kai tsaye ko ana warkewa. Ya ce a'a, riƙe shi ake yi. Zan riƙa shan wasu ƙananan ƙwayoyi, duk wata in je Katsina a auna jinin, kamar mai noma da maimai, ba a gamawa sau ɗaya. Shekaru nawa zai ba ni, wannan Allah kaɗai ya sani. Ya ƙara da abu biyu. Ba a ɗaukarsa daga wani, ko ta hannu ko ta aska ko ta kwanon abinci. Sannan kada in yarda a tsaga ni ko a kafa mini ƙaho.

A motar dawowa na zauna a kujerar baya. Ƙeyar mutanen da ke gabana nake ta kallo, ina lissafin wanda ya kwana biyu bai yi aski ba. Sai da muka wuce Malumfashi hawaye suka zo. Na bar su suka gama. Wa ya taɓa fita duniya da rai, Baba? Ni dai an gaya mini sunan abokin tafiyata, wasu kuwa ba a gaya musu ba.

Baba Sale ƙanenka ya zo daga Kusada da tasa zabirar. Ya taɓa cikina, ya ce saifa ce kawai, ƙaho uku da 'yar tsaga sun ishe ta, haka kakanmu ya yi wa mutum ɗari. Na ce likita ya hana. Ya yi dariya ya ce dama an faɗa, wanzami ba ya son jarfa, ashe ɗan yayansa matsoraci ne. Da ya ga ba zan kwanta ba sai ya sauke murya, ya ce to ko ma mene ne in rufe bakina. Wai wa zai miƙa kansa, balle kan jaririnsa, ga wanzamin da aka ce jininsa ya ɓaci? Gidajen da ka yi shekara talatin kana bi, cikin wata guda za su watse. Ban ga laifinsa ba. Gidajen nan su ne gadona, su ne abincin Inna.

Kwana huɗu ina juya maganar. Abin da ya yanke mini ita, shi ne abin da ban taɓa gaya maka ba.

Ka tuna cikin ciwon ajalinka, ranar da ka ce in kafa maka ƙaho a baya? Na kafa. Da na cire ka ce in nuna maka. Na nuna, na ce duba yadda ya yi baƙi, ciwon ne ya fito. Ka yi murmushi ka ce ka ji sauƙi. Ƙarya na yi maka, Baba. Tun ina yaro na lura, jinin mai lafiya da na marar lafiya duk baƙi suke yi in sun daskare a ƙaho. Tari kake yi da jini, asibiti ya kamata in kai ka, sai na ji nauyin in ce maka aikinka bai isa ba. Ko da na kai ka, kwananka ba zai ƙaru ba in ya ƙare, na sani. Amma shirun nan yana cina har yau. Ko kai ma ka sani, ka yi murmushin ne don kada in ji kunya? Ka yafe mini. Na ce wa raina, na yi shiru sau ɗaya a kan jini, ba zan yi na biyu ba.

Saboda haka na bi gidajenka ɗaya bayan ɗaya na faɗa. Gida biyu a Fakuwa sun ce Allah shi ba ni lafiya, ba su sake kirana ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan Malam Isiyaku na Dudunni, mai makarantar nan, domin an yi wa ɗansa haihuwa, suna ya rage kwana uku, kuma ka san in gidan Malam ya juya baya, duk Dudunni ta juya. Na same shi a zaure, na yi masa askin Juma'a, sannan na gaya masa komai. Ya yi tambaya biyu: ana ɗauka, kuma hannuna na rawa? Na ce a'a, a'a. Ya ce in zo ranar suna.

Na zo da sassafe. An raɗa suna, an raba goro, na shimfiɗa tabarma na wasa aska, amma ba a fito da jariri ba. Saƙo ya fito daga cikin gida, wai kakar yaron ta ce a ba ni goro da cinyar rago in tafi, za a nemo wani. Zaure cike da mutane, kowa ya sunkuyar da kai. Na fara naɗe tabarma.

Sai Malam ya tashi, ya warware rawaninsa, ya cire hula, ya zo ya zauna gabana. Ya ce kansa na ƙaiƙayi. Kan da na aske kwana uku da suka wuce, Baba, babu komai a kansa sai ɗan fari-fari. Kai ka koya mini cewa irin wannan kan ya fi wuya, don aska ba ta da abin ci sai fata. Na jiƙa shi, na yi bisimilla, na bi shi a hankali daga goshi zuwa ƙeya. Ko ɗigon jini ban fitar ba. Da na gama ya shafa, ya ce a shiga a gaya wa tsohuwa, nasa kan ya dawo lafiya, a kawo na jikansa.

Aka kawo shi. Sunansa Abdullahi, gashi baƙi wuluk. Barcinsa ya yi ta yi har na gama. Daga baya kakar ta aiko mini da fura a sabuwar ƙwarya.

Yanzu wata na uku ke nan ina shan ƙwayar. Saifar ta koma, malamin asibiti ya ce waken ya ragu. Baba Sale har yanzu yana ce mini matsoraci, amma shi ya raka ni Katsina wancan watan. Ina kafa wa masu ciwon baya ƙaho in sun nema, don suna jin daɗinsa, sai dai ba na nuna musu baƙin jini, kuma wanda na ga ciwonsa ya fi ƙarfina ina gaya masa hanyar asibiti. Na sa wa kekenka sabuwar taya. Malam ya ce ni zan yi wa Abdullahi kaciya in ya kai shekara bakwai. Na ce Allah shi kai mu, kuma da gaske nake.

Ka huta lafiya, Baba. Zan zo, amma ba sauri nake ba, akwai kawuna da yawa a gabana.

Ni ne ɗanka mai riƙe da zabirarka,
Lawal Wanzami, Tafashiya.