Wasan Taubashi a Gaban Kumandan

Salamu alaikum masu karatu. Kada ku wahalar da kanku neman wawan labarin nan, ni ne, da furfurata da komai. Ku dai ji ni kafin ku yanke mini hukunci.

Kamiyon gyaɗa, wato babbar motar kaya, nake ja daga Magariya zuwa Kano. Can ƙasar Ingilishi hannun hagu ake bi, nan ƙasar Faransi hannun dama. To ni kaina ba ya tsallako iyaka tare da mota, sai in shigo gida ina tafe a hagu kamar hanyar ta ubana ce. Na tura jakin wani mutumin Dungas rami, aka ja mini kunne. Na kwashe rumfar mai tsire, aka sake ja. Ranar da na yi kiciɓis da motar kumandan kusa da Waca, har hularsa ta faɗi, ranar aka karɓe permi ɗina, wato lasin tuƙi.

Na yi damina guda ina zaune, mata suna aikena cefane. Da na gaji na tafi biro, ofishin kumandan, roƙo. Tafinta ya ce kumandan na tambaya, wa ya koya mini wannan tuƙi? Ni kuwa bakina ba ya zama lafiya. Na ce, "Ai taubashina Ilu ne, ranka ya daɗe. Shi ko tuwo da hagu yake ci. Ranar ma shi ke tuƙi, ni barci nake." Wa bai san wasan taubasai ba? Ilu ɗan ƙanwar ubana ne, tare muke jan motar, kullum sai na ɗora masa satar akuya ya ɗora mini ta kaza. Amma tafinta ya juya maganar da Faransanci ba dariya ko kaɗan. Na ɗan taɓa lakwal, makarantar boko ke nan, na ji sarai abin da ya faɗa. Na buɗe baki? Ban buɗe ba. Aka miƙo mini permi, aka aika gardi, ɗan sandan kumandan, ya karɓo na Ilu.

Yanzu Ilu dakon buhu yake a bakin sikeli, da bayansa mai ciwo da 'ya'ya cike da gida. Bai san daga ina abin ya faɗo masa ba. In na wuce sai ya ɗaga murya, "Bahago, a bi dama dai!" In yi dariya in wuce. In na faɗi gaskiya nawa permin ya tafi har abada, wataƙila da gidan kaso a sama. In na yi shiru, da wane ido zan ci gaba da cin tuwon gidansa?

Jama'a, me zan yi? Kada ku ce in koma wurin tafinta, na riga na je. Na ce masa, "Malam, kai ma ka san wasa nake." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wasa? To da aka miƙo maka permin, Baba, da hannu biyu na ga ka karɓa."