Tuffar Idonsa

Anti,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: duk saƙonnin Turancin da Mai Tabarau, saurayin Yaya, yake turo mata, na haddace su. Ni nake fassara mata, albarkacin littattafan soyayya na Turanci da Umma take min faɗa a kansu. Ranar da ya rubuta cewa ita ce tuffar idonsa, Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, wai tuffa a ido ai sai asibiti. Na ce mata haka Turawa suke kiran wanda ba shi da na biyu a zuciya. Sai ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina wanke-wanke ina maimaitawa, ina roƙon Allah ya ba ni irinsa.

Jiya 'yar mai kemis ta tare ni a bakin famfo, ta miƙo min waya in fassara mata wani saƙo. Anti, tuffar nan ce dai. Har da hawa saman farin wata don murna da ya rubuta wa Yaya, ko kalma ɗaya bai canja ba, lambar ma tasa ce. Ji na yi kamar na taka kashin kaji ba takalmi. Abinci ya ƙi wuce min. Ga shi an fara maganar sa musu rana shi da Yaya. Ya zan yi?

'Yarki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ashe tallar tuffa yake yi, ba mu da labari. Share hawayenki, Turancin aro ne. Amma ki sani, daga bakinki Yayarki ta ji kalaman nan, da muryarki ta yarda. In ni na faɗa mata, cewa za ta yi dama ba na son sa.

Ki ci abinci. Ki gaida Umma.

Antinki

Anti,

Ina gaisuwa. Na yi ta gwada faɗa wa Yaya, bakina ya ƙi buɗewa. Ɗazu ta kawo sabon saƙo, na fassara kamar ina tauna sabulu. Ta dube ni ta ce, "Auta, yau ba ki sa masa gishiri ba."

Na rubuta mata komai a takarda, da Hausa, yadda ba sai an fassara ba. Tana ɗaki tana guga, tana 'yar waƙarta. Ina ajiye biro zan kai mata, kuma zan tsaya har ta gama karantawa.

Ki sa ni a addu'a.

Auta