Na faɗi gaskiya a ɗakin ordinatar, yanzu ba mai zama kusa da ni

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ban da zagi, na sha wanda ya ishe ni.

Ni 'yar Dakoro ce, bara na samu bak, wato takardar gama lise ko sakandare, aka tura ni jami'a a birni. Har na gama lise ban taɓa taɓa ordinatar, wato kwamfuta, ba, sai dai in hango ta a ofis. Da muka je ɗakin da ake koya mana, injinan ba su kai yawanmu ba, sai aka ce mutum uku uku kan guda. Tsarin da muka tarar shi ne wanda ya iya ya zauna tsakiya ya yi aikin, biyun su sa ido, maki kuma na ku duka ne. Ta tsakiyarmu 'yar birni ce, bari in ce mata Ramatu, hannunta kamar walƙiya. In na ce ta bari in gwada sai ta ce 'yar uwa kuran zai tafi, za a ɗauke wuta, ki bari wani sati. Wani satin bai taɓa zuwa ba.

Ranar da mushe, wato malaminmu, ya raba sakamako ya yaba mana gaban kowa, ni kuwa ko kunna injin ban iya ba. Ba ni da haƙuri, na sani. Na ɗaga hannu na ce, "Mushe, makin nan ba nawa ba ne, ni ɗumama kujera kawai nake." Nan take ya ce daga yanzu kowa shi kaɗai zai zauna jarrabawa.

Tun ranar ba mai amsa gaisuwata da kyau. Suka cire ni daga gurup ɗin aji na waya. In na shiga ɗakin sai a ɗora jaka kan kujerar da ke kusa, abinci ma ni kaɗai nake ci. Waɗanda suka fi jin haushina ma irina ne, 'yan ƙauye da ba su iya ba, wai na tona musu asiri.

Yanzu ina gida hutu. Inna sai faɗa wa maƙwabta take ɗiyarta ta zama gwanar ordinatar, na kasa buɗe baki in gaya mata. Jiya Ramatu ta kira ni, ta ce in muka koma in je in ce wa mushe fushi ne ya sa ni, ai ni ma ina taɓa injin, don a koma tsarin uku uku, sai su maida ni cikinsu. Wallahi da na ji muryarta sai da na yi kuka, na daɗe wani ɗan aji bai kira ni ba.

In na janye zan samu abokan zama amma in fito ban iya komai ba. In na ƙi, shekara guda ce gabana ba mai ce mini sannu. Ku da kuka yi jami'a, wanne zan ɗauka?