Takalmi Marar Dunduniya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya da iyalinsa. Yaya tarin da aka ce ya dame ka? Ina fata shan maganin kake yi, ba tura shi ƙarƙashin matashi ba. Mu nan lafiya lau. Surukinka da jikokinka suna gaishe ka.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin na san halinka da waya. Kafin in kai tsakiyar magana ka ce "to madalla", ka miƙa wa Yaya. Abin da zan faɗa kuwa na daɗe ina ɓoye maka shi, sai yanzu da sauƙi ya samu bakina ya buɗe.

Baba, kusan shekara biyu ke nan ƙafata ta hagu tana ba ni wuya. Ka san aikina a otal: daga bakwai na safe zuwa uku na rana ina tsaye a bayan kantar karɓar baƙi, a kan daɓen tayil, cikin baƙin takalmin nan mai tsinin baki da doguwar dunduniya da dokar aiki ta ɗora mana. Shekara goma sha huɗu ina haka. A hankali babban yatsana ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa, ƙashin gindinsa ya kumburo kamar ƙwan tantabara. Sai in riƙa yi wa baƙo murmushi ina miƙa masa makullin ɗaki, ƙafata kuwa kamar na taka garwashi. Da an tashi sai in shige ɗakin ajiye jakunkuna, in cire takalmin, in zauna a kan akwatin wani bawan Allah har hawayen su tsaya.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, surukinka ya kai ni wurin likitan ƙashi. Ya ce aiki za a yi: a yanka ƙashin, a miƙar da shi, a ɗaure da ƙarfe, in yi wata uku ban tsaya a kansa ba. Tun ranar da aka shiga da Inna ɗakin tiyata ba ta fito da rai ba, ko warin asibiti ba na so in ji. Ga shi ni ce shugabar masu karɓar baƙi, kujerar da ba a barinta wata uku a dawo a tarar da ita. Na fito daga ofishin likitan ban ma san ta inda muka bi muka isa gida ba.

Allah ya taimake ni, likitan ya ce kafin wuƙa in fara ganin wata mai gashin ƙashi. Wata 'yar gajeriyar mata ce, ba ta tauna magana. Ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ta sa na taka ba takalmi, ta zagaye ƙafar da biro. Sannan ta ɗora takalmin aikina a kan zanen. Baba, yatsu biyu cur a waje suka rage. Ta tambaye ni wa ya koya mini zaɓen takalmi. Na ce mata ni 'yar mai ɗinkin takalmi ce. Sai da ta nemi kujera ta zauna don dariya.

Ita ta sa na sayi wani irin takalmi da na san ba zai burge ka ba. Ba shi da dunduniya ko kaɗan, gaba da baya ɗaya suke. Ƙasansa bai kai kaurin yatsanka ƙarami ba, kana iya naɗe shi kamar tabarma ka sa a aljihu. Bakinsa kuwa faɗi gare shi, kowane yatsa da ɗakinsa. Ranar da na fara sa shi na ji duk wata tsakuwa da ke ƙofar gidanmu, har da layin da ke tsakanin tayil da tayil. Ta ce rabin sa'a kawai a rana, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma kullum in zauna in riƙa tattaro tawul da yatsun ƙafa. Jikokinka sun samu abin kallo.

Yau mako shida ke nan. Garwashin ya koma toka mai ɗumi. Har na fara fita da sassafe tare da maƙwabciyata, wata malamar makaranta da ta yi ritaya, muna zaga filin ƙwallon bayan layinmu: tafiya minti biyu, sassarfa minti ɗaya. Ni da ko motar haya ban taɓa bi da gudu ba.

Na san labarinka, ka sha ba mu shi: har ka shekara goma sha biyu ƙafarka ba ta san takalmi ba, shi ya sa ka rantse 'ya'yanka ba za su taka ƙasa ba. Kada ka ɗauka na raina wannan. Na dai ga gara ka ji daga bakina.

Ka gaishe mini da matar Yaya da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kana nan lafiya. Na ji daɗi da Yaya ya ce tarin ya lafa. Yaya gwiwa, yaya kuma zaman gida?

Saƙonka ya iso ta bakin Yaya, bai rage ko kalma ɗaya ba. Wai ka shekara arba'in kana raba ƙafafun mutane da ƙasa, yau 'yar cikinka ta je an sayar mata da rabin takalmi a matsayin cikakke. Na yi dariya har surukinka ya leƙo daga ɗaki. Ya kuma faɗa mini ka yi fushi da na ɓoye maka zancen tiyata. Wannan kam ka fi ni gaskiya, ka yafe mini.

To, abu biyu sun faru, ɗaya ya wuce, ɗaya yana nan.

Na farko garajena ne. Da na ga ƙafa ta yi daɗi, sai wata Asabar na bar maƙwabciyata a baya na zaga filin sau takwas ban tsaya ba. Washegari na sauko daga gado, sharaɓata biyu suka ƙi ɗaukata, agarata kamar an ɗaure ta da waya. Da bin bango na isa banɗaki. Na tsorata ƙwarai, na ce shi ke nan na tsinka wani abu, garin neman gira na rasa ido. Mai gashin ƙashi ta matsa nan ta matsa can, ta ce babu abin da ya tsinke, ta kuma wanke ni tas. Ta ce jijiyar da ta shekara goma sha huɗu a takure ba a miƙar da ita a safiya ɗaya. Kwana goma na huta, yanzu na koma sassarfata ta masu hankali.

Na biyu shi ne ya sa na ɗauki biro. Na fara zuwa aiki da sabon takalmin a ɓoye, tunda kanta tana rufe ni daga ƙugu zuwa ƙasa. Kwana tara babu wanda ya lura. Ran na goma wata tsohuwa ta zo da jaka ta fi ƙarfinta, na zagayo in kama mata, sai ga manaja yana saukowa daga bene. Takalmin na yadi ne, ruwan toka, ga faɗin baki. Ya dube shi, ya dube ni, ya kira ni ofis. Bai yi tsawa ba. Ya ce ya tausaya mini, amma otal ba filin wasa ba ne, kuma ba zai bar shugabar masu karɓar baƙi tana yawo da ƙafar agwagwa ba. Baƙin takalmin fata, rufaffe, mai sheƙi, ko kuma ya mayar da ni ɗakin amsa waya a ƙasa, inda babu mai ganin ƙafar kowa. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na zaga shagunan takalma har na gaji. Duk mai faɗin baki na wasanni ne, duk na fata kuma bakinsa kamar na ɓera. Na gwada komawa tsohon na yini ɗaya, kafin azahar ciwon ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Baba, na san tun rasuwar Inna ka kulle shago, ka ce hannunka ya mutu. Ban taɓa matsa maka ba. Amma ban san wani mai iya wannan aikin ba sai kai. A cikin kwalin nan akwai zanen ƙafafuna biyu, na yi shi da yamma lokacin da suka fi kumbura, kamar yadda kake yi wa masu zuwa wurinka. Na haɗa da ƙafa ɗaya ta takalmin yadin. Ka farke ta ka ga cikinta, na yafe. In ba za ka iya ba, ka faɗa wa Yaya kawai, ba zan ji haushi ba. Ɗakin waya ma aiki ne.

Surukinka yana gaisuwa. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk mutanen gida. Ina fata bayanka bai yi tsami ba saboda zaman kujerar shago. Mu nan sai godiya.

Kwalin ya iso ranar Laraba, saura kwana uku wa'adin manaja ya cika. Ina buɗewa warin fata da gam ya buge ni, na ga kaina ina 'yar shekara shida a ƙarƙashin teburinka ina tsince ƙananan ƙusoshi. Na daɗe a zaune da shi a cinya kafin in iya gwadawa.

Da na ga takalma har iri biyu a ciki na ɗauka kyauta ka ƙara mini. Sai da na sa na farkon na yi taku uku na gane wayonka. Baba, ka ɓoye 'yar dunduniya a ciki, ka lulluɓe ta da fata. Ba ta kai kaurin biskit ba, amma ƙafata ta ji ta. Yaya ya ce ka gama shi, ka juya shi a hannu, ka yi tsaki, ka ce yarinyar nan sai ta gane, sannan ka yanko sabuwar fata. Na biyun kuwa shi ne. Shimfiɗe yake tun daga diddige har yatsu, yana lanƙwasuwa duk inda ƙafa ta lanƙwasa. Yadda ka zagayo da ɗinkin bakin ya sa ido ba ya ganin faɗinsa, sai ƙafar da ke ciki ce ta sani. Wurin kumburin kuma na ga ka sa fata mai laushi, ban ma roƙe ka wannan ba.

Ranar Alhamis na goge shi na tafi aiki, ban jira an kira ni ba, na shiga ofishin manaja na tsaya a tsakiyar kafet. Ya sauke tabarau ya duba. Ya sa na juya. Ya tambayi wane kamfani ne, na ce masa kamfanin mutum ɗaya ne, kuma ba ya amsa waya. Ya yi murmushi ya ce in koma bakin aikina. Ina fita na wuce bayan kantata kai tsaye. Na yi awa takwas a tsaye, aka tashi na wuce ɗakin jakunkuna ko kallonsa ban yi ba.

Jiya kuma na koma wurin likitan ƙashi. Ya sake ɗaukar hoto. Gaskiyar magana, ƙashin bai koma daidai ba, ya ce takalmi ba ya miƙar da abin da ya riga ya karkace. Amma bai ƙaru ba, kuma tunda ciwo ya tafi, ba ya yanka ƙafar da ba ta kuka. In dawo bayan shekara. Surukinka ya riƙe hannuna a mota.

Gudu yana nan. Yanzu ina zaga filin sau goma sha biyu, washegari in tashi garau. Maƙwabciyata ta ce ina tafiya kamar kyanwa, ba a jin takuna.

Amma ba wannan ne ya fi faranta mini rai ba. Matar Yaya ta ce da kwalina ya isa ka yi kwana biyu ba ka taɓa shi ba. Ran na uku da safe tana shara ta ji ƙarar guduma daga shago, ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin ƙofa tana kuka. Ta ce yanzu kana cin abinci ba sai an yi ta lallashi ba, har maƙwabta sun fara kawo gyara kana yi musu faɗa a kan yadda suke kashe takalma. Baba, na fi shekara biyu ina jin tsoron kiran waya daga gida. Yanzu in na ga sunan Yaya, da murna nake ɗauka.

Ta kuma faɗa mini wani abu, kada ka yi mata faɗa. Wai ragowar fatar ba ta tafi a banza ba: ta hango ka ta taga da sassafe kana zaga bayan gida da wani baƙin takalmi marar dunduniya, girman ƙafarka, kana jin motsinta ka shige shago. Ni ban ji komai ba, ban kuma faɗa wa kowa ba sai surukinka.

Na karɓi hutun kwana huɗu, muna nan tafe da yara ranar Asabar in Allah ya yarda. Ka jira ni da safe mu zaga tare. Ni ba zan yi gudu ba, kai ma kada ka yi.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa hannunka albarka, ya ji ƙan Inna.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta