Ƙarfen da Ya Fito da Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai dai jikin Baba.

Ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai taka tsakar gida ba. Likita ta ce ƙafar da ta shanye tana dawowa, abin da ya rage ya riƙa tafiya kullum. Amma tun ranar da ya zame a matakalar baranda, ya ce shi da tafiya haihata-haihata. Sandar da ka aiko tana bayan ƙofa ta sha ƙura. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a saman rufin gidaje yana buga ƙusa, yau ko labulen taga ba ya so a ɗaga. Abokansa sun yi sallama har sun gaji, ya ce ba zai bari a gan shi yashe kamar tsumma ba.

Sai na yanke shawarar a kafa masa ƙarfen dafawa, daga bakin ɗakinsa, ya sauka matakala, ya bi jikin katanga har ƙofar gida. Na zaga masu walda na bakin titi. Na farko ko ɗago kai bai yi ba. Na biyu ya ce in kawo hoto a waya. Sai wani gajere da ake ce wa Tartsatsi, rigarsa duk hujin ƙuna, shi ne ya kashe injinsa ya tambaye ni wa zai dafa ƙarfen, kuma mece ce sana'arsa a da. Da na ce kafinta ne, ya yi dariya ya ce aiki ya zo da sauƙi. Ban gane nufinsa ba, amma shi na ɗauka.

Baba ya ji labari, ya ce shi ba akuya ba ne da za a yi masa shinge. Inna ta ce in haƙura. Ban haƙura ba. Ka taya ni da addu'a, don in wannan bai yi ba, dabarata ta ƙare.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti. Ya jikin ƙaraminku da ka ce haƙori na damunsa? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka zauna kafin ka karanta wannan. Tartsatsi ya zo da safe da bututun ƙarfe da injinsa, ya baje kaya daidai ƙarƙashin tagar Baba. Ya leƙa ya gaishe shi da “Ranka ya daɗe, babban kafinta,” Baba ya amsa da ƙyar. Da ya kafa ƙarfen farko, ni da ban san komai ba ma na ga ya karkace kamar haƙorin tsohuwa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata na ɗauko wa kaina ɗan koyo.

Can sai na ga labule ya motsa. Muryar Baba ta fito, irin wadda muke gudu muna yara: “Kai! Da ido ɗaya kake aiki?” Tartsatsi ya ja da baya, ya karkata kai, ya rantse shi bai ga karkata ba. Baba ya ce ya tura shi dama. Ya tura hagu. Baba ya ce dama, ya tura har ya zarce. Inna tana kicin ta toshe baki da gefen zane, dariya na neman kashe ta.

Yaya, sai ji na yi ana kirana da ƙarfi: “Auta, miƙo min sandar nan!” Na kama shi ta hammata, yana huci yana faɗa, muka fito baranda. Ya sa na ɗaura ƙusa a zare, ya riƙe da hannunsa mai lafiya ya sake ta a jikin ƙarfen, ya ce wa Tartsatsi ya buɗe ido ya koyi aiki. Shi kuwa ya rusuna yana “Na gode, Baba,” ya faki idon Baba ya ƙifta min ido. A nan na gane da gangan ya karkata shi.

Daga nan ya ce ba zai iya sanin tsayin ƙarfen ba sai mai shi ya tsaya ya miƙa hannu. Baba ya tsaya. Na juya baya na share hawayena don kada ya gani.

Taka,
Auta

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Yau labarin murna na kawo maka.

Aiki ya kammala. Kullum Baba na baranda a kujera yana ba da umarni, har tsohon gilashin walda Tartsatsi ya ba shi don kare ido. Sun yi faɗa a kan fenti: Tartsatsi na son baƙi, Baba ya ce baƙi zafi yake ɗauka a rana, sai fari. Baba ya yi nasara. Shi ma Tartsatsi ya kafe a kan sai ya goge duk wani kaifi a mahaɗar ƙarfen, ya bi su da tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi lilo a jiki da duk nauyinsa don Baba ya ga ba ya motsi.

Da fenti ya bushe, Baba ya sa farar rigarsa da hula, ya ce kada wanda ya taɓa shi. Ya kama ƙarfen. Da ya zo matakalar da ta kayar da shi sai ya tsaya. Na yunƙura, Tartsatsi ya tare ni da hannu. Baba ya yi bismillah ya sauka. Ya sake sauka. Ya bi katanga yana jan ƙafa, gumi na ɗiga daga gemunsa, har ya kai ƙofa ya zare sakata da kansa.

Amininsa Direba yana kan benci a waje. Da ya gan shi ya miƙe ya jefar da hularsa sama, tsofai-tsofai da shi, yana kiran maƙwabta. Kafin ka ce me, layi ya cika. Inna ta rasa abin yi, sai ta shiga yi wa Tartsatsi addu'a har ya ji kunya ya hau naɗe wayar injinsa. Maƙwabciyarmu ta riƙe shi a kan sai ya je ya duba matakalar mahaifiyarta, Baba kuwa ya ce zai bi shi ya ga ko zai karkata musu.

Ga saƙonsa gare ka, yadda ya faɗa: idan ka tashi zuwa, kada ka kira kowa a waya. Ka ƙwanƙwasa kawai, ka ɗan yi haƙuri, mai gidan ne zai zo ya buɗe maka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta