Wace Tocila Ta Dace da Sarkin Zuma?

Gwaggo Batulu, salamu alaikum.

Don girman Allah ki fitar da ni daga wata 'yar matsala da ta hana ni sakat, ko da yake na san za ki ce ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Tocila nake so in saya in ba wani kyauta, kuma mai araha nake nema, amma wadda in an gani ba za a gane mai araha ce ba. Saura wata guda a yi taron, shi ya sa na rubuto da wuri.

Ni ma'aikacin gwamnati ne. A Kano na fara aiki, da aka ba mu Jihar Jigawa aka ce kowa ya koma gida, sai aka turo ni Birnin Kudu, yau shekara biyu da 'yan watanni. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, ba sai na faɗi sunansa ba. A can nake da wani aboki, Barau. Na ce aboki ne saboda tare aka yi mana kaciya, tare aka sa mu firamare, kuma da ya yi aure ni aka ce babban aboki. Ban da wannan, wallahi ban ga abin da ya haɗa mu ba yanzu. Daga aji uku ya ajiye littafi ya bi ubansa daji, har yau bai dawo ba. Mutum ya ba talatin baya, sana'arsa hawa bishiya! Amya yake saƙawa, ya rataye a kan ɗorawa da tsamiya, in rana ta faɗi ya je ya ɗebi zuma. In ba ya kan bishiya, to yana gindinta yana bin sawun zomo ko yana tonon saiwa. In kika zauna hira da shi, daga labarin ƙudan zuma sai na furen da suka fi so, kamar wani ya tambaye shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ziyararsa. Ranar kasuwa sai in gan shi ya diro daga a-kori-kura, ya taho har ofis da galan ɗin zuma a kafaɗa, yana ta warin hayaƙi, ya ƙwala min kira da sunan da ake kirana muna yara, a gaban abokan aikina. Zumar dai ba laifi, ba ya surka ta da sukari kamar ta bakin tasha. Har shugaban sashenmu ya saba da ita, ni nake ɗiba in kai masa, kuma tana yi min rana. Amma ai da ya ba direba saƙo ya wadatar.

To yanzu wai dagacinmu zai naɗa shi Sarkin Zuma. Sarautar ƙudaje, Gwaggo! Ni dariya ma ta ba ni, amma mutanen garinmu sun ɗauki abin da zafi. Kuma kin san yadda ake yi a wajenmu. A ƙofar gidan dagaci za a shimfiɗa tabarmi, kowa ya kawo gudummawarsa, sanƙira ya ɗaga ta sama ya faɗi abin da aka kawo da sunan wanda ya kawo, kowa na ji. Ni kaɗai ne ɗan garin da ke aikin gwamnati, ido duk a kaina yake. In na je hannu rabbana na shiga uku da surutu, in kuma na zuba kuɗi a kan mutumin da bai san darajar kaya ba, na cuci kaina. Albashin nan ba wani auki gare shi ba, ga haya, ga man babur.

Maiɗakina Nasiha ta ce in ɗinka masa babbar riga. Na ce riga a jikin Barau? Kwana biyu ƙaya ta yi kaca-kaca da ita. Sai tocila ta faɗo min a rai, don gaskiya yana bukata. Bara da kaka maciji ya sare shi, kububuwa. Yana saukowa daga bishiya ya taka ta, ba komai a hannunsa sai guntun kara da ya kunna, shi ma ya riga ya mutu. Kwana goma sha ɗaya ya yi a babban asibitin nan. An ceci ƙafar, amma har yau yana ɗingishi. Danginsa suka zo suka cika min zaure da buhunansu da ƙullin furarsu, sai da maƙwabta suka fara tambaya ko gidan baƙi na buɗe. A kan gadon asibitin na gaya masa gaskiya, na ce ganganci ne da ƙauyanci babban mutum ya riƙa shiga daji ba fitila. Murmushi kawai ya yi ya juya kai. Haka yake, ba ya jin magana.

Da can yana da wata tsohuwar tocila ta ƙarfe, ta ubansa ce, duk ta lotse, an naɗe gindinta da roba. Lokacin da muka tare a gidan nan ba a jawo wuta ba tukuna, Nasiha kuma tana da tsohon ciki. Ya zo ya ga halin da muke ciki, sai ya ajiye mana ita ya ce mu riƙe kafin a kawo wuta. An kawo bayan wata huɗu, amma kin san wutar tamu, yau akwai gobe babu, don haka tana nan a kan tagata, ina duba injin babur da ita. Bai taɓa tambaya ba, kin ga ke nan ba ya so. Abin mamaki, tsohuwar banzar nan ba ta taɓa ƙin kamawa ba. Nasiha ce ma tun bayan kwanciyar Barau a asibiti ta daina taɓa ta, in an ɗauke wuta sai ta kunna aci-balbal ta cika mana ɗaki da hayaƙi. Ni na rasa gane kan mata.

Na zaga kasuwa na ga iri-iri. Akwai wata ƙatuwa ta roba, cikin kwalinta mai hoto, tana yin ja tana yin kore, har da wata 'yar jiniya in an danna. Ita ce ta fi kowace araha, kuma ita ta fi cika ido. Mai tiredar da kansa ya ce in ta faɗi sau ɗaya ta gama yawo, amma ai ranar naɗi ba faɗuwa za ta yi ba. Akwai doguwa irin ta masu gadi, mai cin batir huɗu, wannan ta yi tsada. Sai wata 'yar ƙarama ta ƙarfe mai batir biyu, kuɗinta tsaka-tsaki, amma in sanƙira ya ɗaga ta na baya ma ba za su gani ba. Ni dai raina yana kan ta robar. Mutanen ƙauye da sun ga ja da kore an gama da su.

Wacce kika ga zan saya? Kuma in haɗa masa da batir, ko in bar shi ya saya tunda na yi mai wuyar?

Naki,
Wani Ma'aikaci, Birnin Kudu.

*

Ɗana Ma'aikaci, wa'alaikumus salam.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A na farko na yi dariya, a na biyu ban yi ba.

Bari in fara ba ka gaskiyarka, don ba ta da yawa. Neman mai araha ba abin kunya ba ne, duk mai albashi ya san yadda ƙarshen wata yake. Kuma ka yi tunani da ka ce tocila, ta fi riga amfani ga mai shiga daji. Shi ma Barau ina da magana da shi in zai ji. Kara tana da kyau, amma tasa ta wuce wuri. Mai sayar da zuma ba zai rasa kuɗin tocila ba, bai kamata ya sa ƙafarsa a hatsari don kunyar wani ba.

Sai dai ka taɓa tambayar kanka me ya hana shi sayen wata? Ni ga zatona. Garinku kowa ya san tocilar ubansa, kowa kuma ya san inda take. Ran da aka gan shi da sabuwa, ya sanar wa gari ke nan cewa abokinsa ya cinye ta gado. Shi ya sa ya yi ta jira, yana zuwa ofishinka da galan a kafaɗa ko za ka tuna. Kai kuwa ka ce tunda bai tambaya ba, ba ya so. A ina aka haife ka? Yaushe mutumin kirki a ƙasar nan ya taɓa buɗe baki ya ce wa amininsa ba ni abina? Wanda aka ara wa shi ke mayarwa, har da godiya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan, kai da takardunka ya wuce ka.

Ban ce kai ka sare shi ba. Abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma mai tocila ma maciji na saransa. Amma ka tsaya a kan mutum yana kwance da kumburarriyar ƙafa, kana yi masa wa'azin fitila, alhali fitilarsa tana kan tagarka. Ka ce ya yi murmushi ya juya kai don ba ya jin magana. Ya ji sarai. Rufa maka asiri ya yi a gaban danginsa, waɗanda ƙullin furarsu ya dame ka. Zumarsa kuma da kake gyara zamanka da ita a ofis, ban ji ka ce tana warin hayaƙi ba.

Yanzu ga tambayarka. Ka manta da ta robar nan, kayan wasan yara ce. Kana zaton ja da kore za su rufe wa mutanen garinku ido, to ka yi tunanin abin da zai faru. Sanƙira zai ɗaga ta sama ya kira sunanka, dattawan da suka san uban Barau za su dubi tocilar, su dubi ƙafarsa, su dube ka. A nan za ka gwammace da zagin ka suka yi. Doguwar ma ba tasa ba ce. Na tambayi wani mai amya a unguwarmu, ya ce mai hawa bishiya hannu biyu yake bukata, a ka suke ɗaure tocila da robar cikin tayar keke, mai batir huɗu kuwa nauyi za ta yi masa. Ya ce ƙudan zuma suna bin haske, in ya yi ƙarfi da yawa fuskar mai shi za su nufa.

Ƙaramar ta ƙarfe da ka raina ita za ka saya. Ka kunna ta ka kashe a gaban mai tireda sau da yawa, ka ga makunnin ba ya cijewa. Ka girgiza ta tana kunne, in hasken yana rawa ka ce ya canza maka. Ka duba murfin gindin yana ɗauruwa sosai, don ta nan ruwa ke shiga. Batir ɗinta irin wanda ake samu a kowane teburin ƙauye ne, wannan ma riba ce. Ka haɗa da ƙwan tocila na ko-ta-kwana. Maganar ko za ka sa batir kuwa, da ina kusa da na ja maka kunne. Ka sa, ka ƙara da wasu a gefe. Wannan ita za ka miƙa ranar naɗi, in na baya ba su gani ba, Barau zai gani.

Amma kafin ranar akwai aikin da ya fi wannan. Ka sauke tsohuwar daga taga, ka goge ta, ka sa mata sabon batir. Kada ka cire robar gindin, wataƙila hannun ubansa ne ya naɗa ta. Ka hau motar Gwaram a satin nan, kai kaɗai, ba aike ba, ba ta hannun direba ba. Ka same shi a zaurensa inda ba kowa, ka ajiye ta a gabansa ka ce ka yi kuskure, ya yafe maka. Zai ce ba komai, zai ma nemi ya mayar maka da ita. Kada ka karɓa. In kuma ya kira ka da sunan yarinta, ka amsa. Mutanen da suka san wannan sunan raguwa suke yi kullum, na ofis kuwa ran da aka yi maka canjin wurin aiki sun manta da kai.

Daga nan in an ɗauke wuta a gidanka, kada ka yi saurin neman ashana. Ka ɗan zauna a cikin duhun tukuna. Barau ya yi shekara biyu yana saukowa daga bishiya a cikinsa, kuma bai kai ƙararka wurin kowa ba.

Allah ya ba shi lafiyar ƙafa, ya sa wa sarautarsa albarka, kai kuma ya ba ka ƙarfin halin yin wannan tafiya. Ka gaishe min da Nasiha. Ita ta daɗe da ba ka amsa, ba ka dai kula ba ne.

Gwaggo Batulu.