Ƙarfen da Na Ajiye

Litinin, 3 ga Fabrairu
Kumburin nan na ƙasan marata ya sake fitowa bayan na ɗaga kilo ɗari da arba'in. Na shiga banɗaki na danna shi ya koma. Saura wata biyu gasar ɗaga ƙarfe. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Na ƙara ɗaure bel tamau. A banza. Ko tari na yi sai ya leƙo.

Talata, 11 ga Fabrairu
Koci ya gane. Ya ce, "Tun yaushe kake tafiya kamar mai ɓoye ƙwai a wando?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Da aka watse ya sauke ƙarafunana da hannunsa, ya ce kada ya sake ganina sai da takardar likita. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashinsa, bai taɓa korata ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Gwaiwa. Likita ya ce hanji ne ke turowa ta inda naman ciki ya yi rauni, kuma in ya maƙale, ba maganar gasa za a yi ba. Sai an yi aiki. Na tambaye shi ko zai jira Afrilu. Ya ce, "Ni zan jira. Hanjinka ne ban sani ba."
Maman yara ta ce ta daɗe da lura, jira take in faɗa da bakina. Na gaji ƙwarai.

Jumma'a, 21 ga Fabrairu
An yi. Ƙishirwa.

Asabar, 8 ga Maris
An hana ni ɗaukar ko bokitin ruwa. Autarmu ta miƙo hannu in ɗauke ta, na ce Baba ba shi da lafiya. Ta tafi wurin uwarta. Wannan ya fi ɗinkin zafi.
Tafiya kawai aka yarje mini. Daga ƙofa zuwa shagon mai walda, in dawo.

Asabar, 12 ga Afrilu
Da safe na taka har gada, ni da maman yara. Ashe akwai bishiyoyi a hanyar. Kullum a guje nake wucewa. Muna dawowa na ga kiran Koci har uku. Sai a lokacin na tuna yau ce gasar.
Da na kira shi, ya ce Litinin in zo mu fara da sanda zalla, ba ƙarfe. Na ce to.
Ban tambaye shi wa ya ci ba. Mantuwa ce, ina jin.